Mai Sunan Baba

Litinin, 15 ga Yuli

Yau na fara. Mushe Ibrah, malamin da ya koyar da ni a firamare, shi ya shirya karatun hutu a makarantar unguwarmu saboda yaran da suka yi rauni bana. Ya ce tunda na samu BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare, in zo in riƙe aji ɗaya. Na so in ce a'a, bakina bai buɗe ba, sai ya ɗauka na yarda.

Na shiga aji. Na yi sallama, ba wanda ya ji. Wata yarinya mai wushirya, Nasiba, ta ce, "Madam, ɗaga murya, mu nan baya sauro kawai muke ji." Suka fashe da dariya. Madam, wai ni! Alli ya karye a hannuna.

Wannan hutun kaɗai. Ba zan sake ba.

Laraba, 17 ga Yuli

An kwana ana ruwa, rabin aji sun bi iyayensu gona. Waɗanda suka zo na koya musu lissafin ragewa da busasshiyar magarya. Kafin in juyo daga allo sun cinye darasin. Na yi dariya har na rufe fuska da mayafi.

Juma'a, 19 ga Yuli

Mushe Ibrah ya kafa doka: kowane yaro a kira shi da sunansa na takarda. "Ban son Auta, ban son Ɗan Inna. Nan lakwal ne, makaranta ba gida ba."

To ga damuwata. Akwai wani yaro baƙo, daga wani ƙauyen Kurfai aka kawo shi, yana zaune wurin gwaggonsa Delu mai ƙosai. Sunansa sunan Babana ne. Tun da aka haife ni ban taɓa faɗin sunan nan ba, ko a nan ba zan rubuta ba. A gida da sai in ce mai sunan Baba, shi ke nan. Amma a aji, gaban yaran nan masu neman abin dariya, ga kuma dokar Mushe?

Da na zo kansa wajen kiran suna sai na tsallake.

Talata, 23 ga Yuli

Yaron nan akwai kai. Kowace tambaya hannunsa na sama yana kaɗa yatsu, "Ni, Madam, ni!" Sai in kalli taga in kira wani.

Alhamis, 25 ga Yuli

Na koya musu waƙar ninkawa. Har bakin ƙofar gida suka rako ni suna rerawa. Inna ta leƙo ta ce, "Basiratu, wannan gayya fa?" Na shige ɗaki da gudu, amma na ji daɗi.

Talata, 30 ga Yuli

Yau bai ɗaga hannu ba. Ya kwantar da kai a benci yana zane da yatsa.

Alhamis, 1 ga Agusta

Bai zo ba. Jiya ma haka.

Lokacin shan iska na jawo Nasiba gefe na ce, "Yaron can na kusa da taga, lafiya?" Ta dube ni sama da ƙasa kamar wata tsohuwa. Ta ce, "Madam, ai ke ce ba ki son shi. Kowa ya sani. Kowa kina kiran sunanai, shi ko kallo. Ya ce ran Lahadi in babansa ya zo kasuwa, shina bin shi gida."

Ashe babansa tun farko bai so a kawo shi ba, noma yake so ya taya shi. Gwaggo Delu ce ta roƙa, ta ce a bar shi hutun nan ya gyara karatu ya wuce aji na gaba. In ya koma yanzu, da wuya ya ƙara shiga makaranta.

Saboda ni. Ban iya cin tuwon rana ba.

Juma'a, 2 ga Agusta

Da la'asar na tafi. Na wuce ƙofar gidan, na dawo, na sake wucewa, sai da wata akuya ta fara kallona sannan na yi sallama. Gwaggo Delu tana gyaran wake, shi kuma yana zaune bakin ɗaki, da ya gan ni ya juya baya.

Bayan gaisuwa ta ce, "To ɗiyata, mi yaron ga ya yi miki?"

Na ce bai yi komai ba, shi ne ma ya fi kowa. Na sunkuyar da kai na ce sunan ne ba na iya faɗi.

Sai ta ce, "Ke ɗiyar wa ce?" Na kwatanta mata gidanmu, kusa da masu ɗinkin kasuwa. Ta tafa hannu ta yi dariya har waken ya zube.

"Kai, tashi! Tashi, sarkin fushi! Ba ƙin ka take ba, kunyarka take ji. Sunan ubanta gare ka. Kai, kana kiran tsohonka da suna?"

Ya zaro ido ya ce, "Wa, ni?"

"To ita ma haka."

Ya juyo a hankali, yana ta ƙoƙarin danne murmushi. Can ya ce, "Ke nan ni ne baban Madam?" Gwaggo ta jefe shi da ludayi.

Ta cika mini leda da ƙosai. Na ƙi, ta ce in ban karɓa ba za ta haɗa ni da ubana, ta nuna shi da baki.

Asabar, 3 ga Agusta

Na je wurin Mushe Ibrah. Duk hanya ina maimaita maganar, da na isa ta fito a hargitse, amma ta fito. Ya cire tabarau ya ce, "Shi ne kika yi shiru har yaro ya gudu? Ni kaina akwai sunan da ban faɗi a aji. Kira shi yadda bakinki zai iya."

Litinin, 5 ga Agusta

Ya zo! Babansa ya koma ƙauye jiya shi kaɗai. Ban san abin da Gwaggo ta faɗa masa ba.

Na rubuta lissafi a allo, hannunsa ya tashi. Na ce, "Baba, taso." Ajin ya kusa tashi sama. Shi kuwa ya miƙe a hankali, ya goya hannu a baya, ya taho yana gyaran murya kamar dattijo. Ya yi daidai. Da zai koma ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Na ce ya wuce kafin in sa shi share allo.

Laraba, 21 ga Agusta

Yanzu in aji ya yi surutu shi ke cewa, "Ku yi wa ɗiyata shiru." Suna kuwa yi.

Juma'a, 13 ga Satumba

An rufe karatun hutu. Mushe ya ce Baba zai wuce aji na gaba. Yaron ya kawo mini zangarniyar sabon gero daga gonarsu, ya ce uba ba ya zuwa hannu wofi.

A gida Babana na gaske ya ga geron ya ce, "Na ji labari wai na iya lissafi bana." Na gudu madafa.

Inna ta ce yanzu tun daga bakin rijiya ake jin muryata in ina aji. Ƙari ne irin na Inna.

Na tambayi Mushe yadda ake shiga makarantar horon malamai. Tambaya kawai na yi. Guntun allin da ya rage kuma, mantawa na yi da shi a jakata.