Igiyoyin rijiyar Baba

Baba,

Gaisuwa da fatan rahama. Na san wasiƙar nan ba za ta same ka ba, to amma murna ta cika min ciki, wa zan fara faɗa wa in ba kai ba?

Sun karɓa, Baba! Jiya na kare aikin digirina na uku a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma da igiyoyinka na kare shi.

Ka tuna yadda duk ƙarshen bazara kake zura sabuwar igiya da dutse a rijiyarmu ta Diguel, ka yi ƙulli daidai bakin rijiya idan dutsen ya taɓa ruwa, ka rataya mata ƴar takarda da shekarar a ajami? Inna ta sha yin mita, wai ga akuya ba abin ɗauri, kai kana ajiyar igiya kamar zinari. Na shimfiɗa su a tsakar gida ɗaya kusa da ɗaya bisa jerin shekaru, sai ga ƙullin yana yin nisa a duk shekarar da ruwa ya ja ƙasa. Shekarun fari da kansu suka fito. Na zauna a ƙasa ina dariya har Inna ta zaci na zautu.

Tsorona ɗaya ne: kada malaman su ce igiya ba hujja ba ce, shekara huɗu na wahala su tafi a banza. Don haka na gwada su da awon ruwan sama da na kogin Shari na waɗannan shekarun, suka zo daidai.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba. Da farko na gaya wa malamina wai wani tsoho ne a unguwarmu ya tara su. Kunya na ji in ce ubana mai yasar rijiya ne. Ka yafe min? Jiya kam a gaban kowa na faɗi sunanka da sana'arka, da ƙarfi.

Wata mai zuwa zan fara koyarwa a jami'a. Inna har ta je babbar kasuwa ta yanko min atamfa.

Jiya da muka tashi daga zaman, babban malamin ya biyo ni waje, ya ce in kawo ka ajinsa ka nuna wa ɗalibai yadda kake awo. Ya ciro takarda zai rubuta rana. A nan ne, Baba, na gaya masa ka rasu.

Allah ya haskaka kabarinka.

Ɗiyarka,
Rakiya