Kullum Sai Na Watsa Wa Motar Marigayi Ruwa

Don Allah 'yata mai ba da shawara, ki taimake ni. Ni ban yi boko ba, surukata ce ke rubutawa, tana yi tana dariya, na ce ta dai rubuta yadda na faɗa.

Marigayi maigidana bakanike ne. Ya bar mana 'yar jar mota ta Japan, Sitalet, mai ƙofar baya da ake ɗagawa. Shekara tara tana cikin rumfa, har kazata ta taɓa ƙyanƙyasa a ƙarƙashinta. To babban ɗana ya sayi sabuwa, wai Yaris, ita ma 'yar guntuwa, sai gurnani. Autata kuma tana da farar Sibik, ba sabuwa ba, ba tsohuwa can ba. Duk ranar da suka zo, sai gardama. Shi ya ce tasa ta fi gudu, ita ta ce tata ta fi iya shan kwana, sai kuma su haɗa baki su ce irin ta Baba ce ba a samu yanzu. Har wani mai tara tsofaffin motoci ya zo, babban mutum da furfura, ya durƙusa yana leƙenta kamar ya ga jikarsa.

Abin da ya ɗaga min hankali, da kunnena na ji suna cewa duka ukun masu zafi ne, ta Baba ma wai akwai wani abu turbo a cikinta. Rumfar nan kuwa jikin ɗakina take. Tun ranar, kullum da hantsi sai na watsa mata bokiti biyu kada ta kama da wuta, kuma sai yau na faɗa. Na ce a ba mai furfurar nan ya tafi da ita, autata ta yi ta kuka. Ni ma ba so nake ba, a cikinta marigayi ya ɗauko mu daga asibiti da aka haifi autar. In bayar ne ko in bari?

Kaka Mai Bokiti

Kaka, ki ajiye bokitin nan. Zafin da suke faɗa zafin nama ne, ba na wuta ba. Turbo kuwa ƙarfi yake ƙara wa inji. Motar da ta shekara tara a kashe ta fi randarki sanyi. Ruwan ne abin tsoro, don tsatsa yake kawowa.

Gardamarsu kowa na da gaskiya. Sabuwar ta fi gudu da birki, ta fi kare wanda ke cikinta. Sibik ɗin masu tarawa sun daɗe da sa mata ido. Ta marigayi ba za ta kamo su ba, amma ba ta da nauyi, kuma samun irinta wadda ba a taɓa ba ya yi wuya. Kada a sake mata fenti, kada a canja kujera.

Mai furfura zai riƙe ta da kyau, ban musa ba. Amma kada tsoro ya sa ki bayar da abin da zuciyarki ba ta sake ba. A kira bakanike ya busar da ita, ya duba birki da taya da tiyon mai. Sannan auta ta zaunar da ke a gaba, ku zaga unguwa a hankali. In kin ji zafi, ki sauke gilashi.

Allah ya jiƙan marigayi, ya ƙara miki lafiya.