Bulon na Takwas da Kitsen Ragonka

Zuwa ga Yayana Isuhu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane, ina roƙon Allah ya sa makwancinka da sanyi. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Ko da kana da rai ma ai ba karanta ta za ka yi ba, miƙo mini za ka yi ka ce in karanta maka, tunda ni Baba ya tura lekol, makarantar boko, kai ya tura ka garaji. To yau ni ne mai rubutu, ni ne mai karatu. Kai ka yi abin da ka saba, ka yi shiru ka bar ni in zuba.

Labarin gida tukuna. Inna tana nan, gwiwar ce dai ke damunta, bakin kam lafiya lau. Gonar Birnin Lalle ta yi kirki bana, gero ya cika rumbu. 'Yarka Mariyama ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunanka, muna ce masa Maisuna. Goshinka ne sak, har da kallon nan naka na wanda aka gaya wa farashi bai yarda ba. Matarka Hadiza ta fita takaba. Ta rame, amma ta koma tuyar ƙosai a ƙofar gida, ta kuma koma tsokanata, da haka na gane ta fara samun sauƙi.

Sai bashe, motarka mai buɗaɗɗen baya. Don ita na ɗauki alƙalami.

Tun ranar da muka kai ka tana ƙarƙashin bishiyar bedin nan inda ka ajiye ta. Damina guda ta ƙare a kanta, kaji suka mai da bayanta ɗakin kwana. Da aka zauna rabon gado, Kawu Mamman ya tambaya ko motar za ta ƙara tashi. Kowa ya juyo ya dube ni, tunda ni ne ɗan kasuwa. Ga abu na farko da zan faɗa maka, Yaya: na ce ta mutu. Na ce kolekter ɗinta ya tsage, ƙarfen nan da ke kwashe hayaƙi daga jikin inji. Na ce tsatsa ta haɗa shi da kilas, kan inji ke nan, sun zama ɗaya, duk wanda ya taɓa zai karya bulon, ƙusoshin nan masu zare, a ciki, sai an cire kan injin an kai Maradi. Ba ƙarya a ciki. Amma ka san ni, shekara nawa ina dillancin dabbobi a kasuwar Dakoro? Na iya faɗin gaskiya ta gefen da za ta yi mini aiki. Na riga na yi magana da wani mai sayen tsohon ƙarfe. Wajensa na yaba ta kamar saniya mai ciki, na zo gida na kushe ta kamar jakin da ya karye. Kawu ya yanke cewa ran kasuwa mai zuwa mutumin ya zo da babbar mota ya ɗauka. Kwana bakwai ke nan.

Washegari Hadiza ta aika aka kira ni. Ta jawo wani abu daga ƙarƙashin gadonku, naɗe cikin tsohon rawaninka, ta dire gabana. Kolekter ne, wanda ka sayo a Maradi, ka ce bayan Sallah za ka sa. Sai wani gwangwanin tumatir da aka ɗaure bakinsa da tsumma. Ta ce in aka sayar da motar, su ci rabonsu ya ƙare su fara kallon fuskar dangi, in kuwa tana tafiya ita za ta ci da su. Ta ce ta ji labarin ina da farmi, takardar tuƙi, ko don jandarma su ga hotona na yi shi? Ta ce mutumin da ya taɓa sayar da akuya mai ido ɗaya har mai saye ya yi masa godiya bai kamata bulon takwas su gagare shi ba. Na naɗe kayan na ɗauka. Na tafi wajen Kawu. Ya ce in ta tashi, hayaƙinta ya fita ta baya kafin mai ƙarfe ya ɗora ta, an fasa cinikin. In ba haka ba, magana ta ƙare.

Na nemo abokinka Sanusi mai sudir, mai walda ke nan. Ya leƙa, ya yi tsaki, ya ce shi ba zai sa hannu ga kile, sufanar kwance bulon, ba, kar ya zama shi ya kashe motar amininsa. Wuta dai zai kawo mini in lokacinta ya yi. Amma ya zauna bisa tsohuwar taya ya tuna mini yadda kake yi. Ka tuna dariyar da nake maka? Kwana uku kana zuba wa bulon gazwal, man dizal, gauraye da man birki, safe da marece, kana ƙwanƙwasa kansa da ƙaramar guduma a hankali kamar mai sallama gidan surukai. Nakan ce maka kafin ka kwance bulon ɗaya ni na sayar da garke. To ga ni nan na yi kwana uku ina sallama gidan surukai. 'Yan kasuwa suna wucewa suna tambaya ko Habu ya koma ƙira ne. Tsakanin zubi da zubi na kori kaji, na zubar da tsohon gazwal, na canza mai, na aro batir.

Rana ta huɗu na ɗauki kile. Sanusi ya ce daga gefe ake farawa a nufi tsakiya, kuma kar in kuskura in fara da kwancewa. A fara ɗaurewa ɗan kaɗan, kamar faɗin farce, har a ji tsatsar ta ce ƙas, sannan a dawo baya. A je, a dawo, a zuba mai, a bar shi ya huta. Yaya, ashe ciniki kake yi da ƙarfe duk shekarun nan ban sani ba? Ni ma in ina son Bafillace ya saki sansa ba na farawa da tayi. Sai in yaba san, in tafi, in dawo, in tambayi lafiyar garke. Me ya hana ni ganin haka tun kana nan, da mun samu abin hira?

Uku sun fito da lallashi kawai. Na huɗu ya ƙi. Nan Sanusi ya kunna shalimo, wutar walda, ya gasa kan bulon ɗin har ya yi ja, ya ce in buɗe gwangwanin. Kitse ne, na ragon layyarka na ƙarshe. Ya ce haka kake yi kowace shekara, ka ajiye kitsen don irin wannan aiki, a goga shi ga bulon mai zafi, ya narke ya bi zaren ya shiga inda mai ba ya kaiwa. Na goga. Hayaƙi ya tashi, tsakar gida ta ɗauki ƙamshin Sallah, ko da yake kitsen ya ɗan kwana biyu. Inna daga ɗaki ta aiko a tambayi wa ke gashi bai tuna da ita ba. Hadiza ta bar kaskonta ta shige ciki ta daɗe. Ni dai na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido, Sanusi kuma ya yi mini kara bai dube ni ba.

Zuwa jajibirin kasuwa, bulon bakwai suna jere bisa rawaninka. Saura ɗaya, na tsakiya daga ƙasa, dab da tsagar.

Ran kasuwa da hantsi sai ga babbar mota a bakin gida, ga Kawu, ga mai ƙarfe yana duba agogo, yana kira na abokinsa a gaban kowa, yana cewa ai mun gama magana tun tuni. Hadiza ta dube ni, ta dubi mutumin. Kunya ta sa ni gaggawa. Na ɗauko dogon bututu na zura wa kilen, abin da ka taɓa marina a kai ina saurayi. Ban ɗaure ba, ban ƙwanƙwasa ba, na haye da ƙarfina duka. Ya karye. Kan bulon ya faɗo cikin rairayi, gindinsa ya tsaya cikin kilas, abin da ya leƙo waje bai wuce gaɓar yatsa ba.

Tunda kan ya fita, ba abin da ya riƙe kolekter ɗin. Na zare shi, na juya shi, don in samu abin kallo da ba fuskokin mutane ba. A ƙasansa na ga layi uku na tagulla, liƙi bisa liƙi.

Ga abu na biyu, kuma shi ne dalilin na farko. Ka tuna daminar da na ari motar na tafi Birnin Lalle zance wajen Balki, kafin a ba ni ita? Ina dawowa na iske ruwa ya cika kwari. Injin ya yi zafi, ni kuma kaina ya fi shi zafi, ga ƙannenta biyu a baya ina son su kai labari. Na faɗa ruwan da gudu. Na ji ƙarar ƙarfe lokacin da sanyi ya buge shi. Na wanke motar tas, na ajiye, na miƙa maka makulli ina yi maka labarin hanya mai kyau. Daga ranar ta fara wannan tas-tas ɗin, hayaƙi yana shigo maka ta ƙarƙashin ƙafa. Shekara shida kana zuwa Azagor da Tagriss da gilashi a buɗe, ko da sanyi. Duk tarin da ka yi sai in ji shi a ƙirjina. Lokotoro, likita ke nan, ya ce zuciya ce ta tsaya, ba hayaƙi ba, na ji shi da kunnena. Amma kullum na fito na ga motar nan ƙarƙashin bedi sai in ga kamar tana kallona. Shi ya sa na so ta bar garin.

Na faɗi wannan duka a tsugune, gaban Kawu, gaban baƙo. Ni da ban taɓa yin magana a kasuwa ba tare da na san inda za ta faɗa ba.

Sai na ji Hadiza tana dariya, tana share ido da gefen zane. Ta ce ai tun daren ranar ka sani. Ka buɗe gaban motar ka iske wani ɗan kwaɗo ya gasu bisa inji, ka kawo mata shi a tafin hannu, ka ce Habu ya tafi neman aure ya dawo da nama. Ka hana ta faɗa mini, ka ce yaron ya samu matar, ƙarfe kuma ana liƙewa. Sanusi ya ce shi ya yi liƙin nan uku, daga ƙarƙashin mota, kana kwance gefensa kana riƙe masa fitila. Da na sake kawo maganar tarin, Hadiza ta ce in daina ƙoƙarin raba aiki da Ubangiji, kwananka ne ya ƙare, in tashi in cire bulon.

Yaya, don me ba ka zage ni ba ko sau ɗaya? Da ka zage ni da na rama, da mun wuce wurin.

Sanusi ya ce akwai sauran dabara ɗaya. Ya ɗora ekuru, wato noti, bisa guntun da ya leƙo, ya cika cikinsa da sudir, ya zama sabon kai. Na kwashe ragowar kitsen na goga. Ya ce yanzu sai ya huce da kansa, ba ruwa, ba fifita, in aka taɓa shi da zafi ya sake karyewa, an gama. Mai ƙarfe kuwa ya sa an fara sauke igiyar ɗora motar.

Nan ne bakina ya yi aikin kirki sau ɗaya a rayuwarsa. Na shimfiɗa tabarma, na sa aka kawo gawayi da 'yar buta, na ce baƙon da ya taso daga nesa ba zai bar gidan mamaci bai sha shayi ba. Ka san ba mai tashi bayan kofin farko, ba mai tashi bayan na biyu, sai an cika uku. Ni kuma na dafa shi irin na Buzayen Tagriss, a hankali, ina ɗaga buta sama ina maida kumfa. Na tambaye shi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ba shi labarin akuya mai ido ɗaya tun daga kakarta. Kawu ya gane abin da nake yi, na ga yana ɓoye baki cikin rawani, har shi ma ya ce kofinsa na biyu bai yi daɗi ba a sake.

Bayan na uku na tashi na taɓa ekurun da bayan hannu. Ya yi sanyi. Na yi bisimilla, na ƙwanƙwasa, na ɗaure faɗin farce. Ƙas. Na dawo baya. Ya motsa. Na je, na dawo, na je, na dawo, har ya fito tsaf da zarensa, yana maiƙo. Muka kankare fuskar kilas, muka sa sabuwar shimfiɗar da ke shiga tsakanin ƙarafan biyu, muka ɗaura kolekter ɗinka, wannan karon daga tsakiya zuwa gefe. Bayan la'asar na murza makulli. Ta yi tari biyu, a na uku ta kama. Kawu da kansa ya zagaya baya ya sa hannu a bakin bututu, ya ji hayaƙi, ya ce an fasa. Mai ƙarfe ya ce mini mai baki biyu. Na ce masa ba shi ya fara faɗa ba, na raka shi har mota.

Da ka ji muryarta yanzu. Ba tas-tas, ba wari. Inna ta fito da sanda ta tsaya tana saurare, ta ce haka take yi shekarar da ka sayo ta.

Jibi zan yi tafiyar farko zuwa Azagor, buhunan gero da gishirin dabbobi. Mutanenka na can sun aiko suna tambaya ko da gaske ne motar Isuhu ta tashi. Abin da ta samo na gidanka ne, ni dillancina ya ishe ni ran kasuwa. Guntun bulon ɗin yana aljihuna. Gwangwanin kuma na wanke shi na ajiye, in Allah ya kai mu layya zan cika shi da kitsen nawa ragon.

In damina ta dawo na iske ruwa a kwarin nan, zan kashe mota in shimfiɗa tabarma in ɗora shayi. Na yi maka wannan alkawari.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya kai haske kabarinka. Ka yafe mini, ko da yake na ga alamar ka riga ni.

Ƙanenka,
Habu dillali, direban bashen Isuhu.