Shaidun A'i Uku

Dogon Dutsi, 6 ga Afrilu 1952

Ƙanena Jibo,

Gaisuwa mai yawa. Ina aiki, ina Tibiri, ina Baturen mishan ɗinka?

Ba zan ja ka da nisa ba. Ƙanwarmu A'i tana gidana, ƙafafunta duka biyu sun mutu, likita ya ce ya yi iyakar nasa. Inna ta zo daga Matankari da masu bori, ta ce doguwa, iskar gidanmu, ce ta kama ta, a yi mata girka. A'i ta ƙi. Wai kai ka gaya mata mutum uku, Matiyu da Markus da Luka, kowa da idonsa ya ga Isa ya ta da shanyayye. Shi Isan take jira.

Kai ka shigar da ita wanga addini, sai ka amsa mata. Ta ce in tambaye ka: shaidun nan, har yanzu uku ne? Ka ba fataken Tibiri amsar su kawo.

Yayanka Rabo, tafintan kumandan.

Tibiri, 15 ga Afrilu 1952

Zuwa ga Yaya Rabo,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi wa A'i sannu, ina gaida Inna ko ba za ta amsa ba.

Yaya, tambayar nan ta same ni a mugun lokaci. Wata biyu ke nan Bature ya sa ni jera littattafan uku gefe da gefe a takarda ɗaya. A labarin shanyayyen, Isa yana cikin magana da malamai, sai mai rubutu ya katse shi, ya juya ga majinyacin. Su ukun a wuri ɗaya suka katse. Na tambayi Bature. Ya ce masana a ƙasarsu sun fi shekara ɗari suna gardama. Yawancinsu sun ce Markus ya fara, sauran biyu suka kwasa daga gare shi, suka ƙara da wata takarda da ta ɓace, ba wanda ya taɓa ganinta. Wasu sun ce a'a, Matiyu ne na fari. Luka kuwa da kansa ya ce labari aka ba shi.

Bature ya faɗi haka yana shan shayi, ko a jikinsa. Ya ce wannan ba ya rage gaskiyar Bishara. Ya aika a kawo masa wani littafi. Ka roƙi A'i ta ɗan jira.

Ƙanenka mai biyayya, Jibo.

Dogon Dutsi, 22 ga Afrilu 1952

Jibo,

Gaisuwa. Haba! Ta jira jirgin ruwa ya kawo littafi? Ko kunu ba ya zama a cikinta.

Shekara goma sha ɗaya nake fassara a gaban kumandan. In shaidu uku suka yi tuntuɓe a kalma ɗaya, na san a zaure ɗaya aka koya musu. Wannan ko ba ka shiga lakwal, makarantar boko, ba ka san shi. Amma ban gaya mata ba, ba ni da zuciyar.

Jiya Inna ta durƙusa a gaban ɗiyarta tana kuka, ta ce a bari ko garaya a kaɗa mata. A'i ta juya fuska bango, ta ce, "Sai na ji daga Yaya Jibo." Masu bori sun ɗaure kayansu sun koma.

Ka zo da kanka. In ba ka zuwa, rubuto kalma ɗaya: uku, ko ba uku ba.

Rabo.

Tibiri, 3 ga Mayu 1952

Yaya,

Ina gaisuwa, ka gafarta mini jinkiri. Sau biyu na ɗaura wa jaki sirdi ina kwancewa. Ba zan iya duban idonta ba.

Ranar da na fasa tukunyar doguwa a gidanmu, na ce wa Inna ina da shaidu uku, ita ba ta da ko ɗaya. Yau in na ce uku, na yi wa A'i ƙarya a bakin kabari. In na ce ɗaya, na ƙwace abin da ya rage mata. Ina addu'a har yanzu, amma ban san ko shaidun nawa ne ba, Yaya. Wallahi ban sani ba. Ka gaya mata haka, in Inna tana so a yi girkar, a yi.

Ka huta lafiya. Jibo.

Dogon Dutsi, 8 ga Mayu 1952

Jibo,

Gaisuwa. A'i ta rasu ran Talata da hantsi. Wasiƙarka ta iso ran Laraba.

Da safen ta tambaya ko amsarka ta zo. Na zaro tsohuwar takardar sammaci daga aljihu, na buɗe a gabanta, na ce Jibo ya ce uku ne, kowa da idonsa. Ta yi murmushi. Inna tana wurin, ta ji.

Kada ka zo ta'aziyya, Inna ta ce ba ta son ganinka. Ka rubuta a takardar Baturenka an samu shaida na huɗu, yayanka, shi ma bai ga komai ba.

Sai wata rana.

Rabo.