Cinyar Talotalon Yaya Thurman

Belzoni, Oktoba

Ƙanena Thurman,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Loretta da yara. Yaya sanyin Milwaukee? Yaya kuma gwiwar? Na san in na tambaye ka a waya za ka ce lafiya lau ka kashe, shi ya sa na ɗauki biro.

Mu nan sai godiya. Ana cikin cire auduga, ni kuma ina nan a kicin ɗin makaranta ina dafa wa 'ya'yan mutane abin da za su ture su ce ba gishiri.

Labarin da ya cika gari shi ne wani gidan talabijin zai jera 'yan bayan da suka fi kowa zafin karo a ƙwallon Amurka ta ƙwararru, wadda ake kada juna a cikinta, kuma an ce ƙaninka Cleotis yana ciki. Tun daga ranar shagon askin Mista Purvis ya koma majalisa. Ranar Asabar na kai Cleotis aski, na tarar ana ta tada jijiyar wuya. Dattijo Mabry na cocinmu ya ce ba a taɓa yin kamar Harlan Stubbs ba, wai kafaɗarsa kaɗai ta isa ta raba mutum da hular kwanonsa. Mista Purvis ya ajiye almakashi ya ce, "Stubbs? Wanda in ya kada mutum yake miƙa masa hannu ya tashe shi? Haba Dattijo, wannan ai gaisuwa ce!" Wani ya kawo sunan Moses Thibodeaux, aka ce shi nauyi ne kawai, faɗa wa mutum yake yi kamar buhun taki. Mista Purvis ya ce karo da kunne ake auna shi, na Guduma, wato Cleotis, ko kana layin sayen gasasshen nama a bayan fili sai ka ji shi a haƙorinka.

Guduman kuwa yana kan kujera an ɗaura masa ƙyalle a wuya, yana kallon bakin kowa yana murmushi. Bai san da shi ake ba.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Tun bikin Ista yake wurina. Matarsa Darlene ta kwashe yara ta koma Atlanta, kuma ban ga laifinta ba, don na ga ƙofar ɗakin da ya fasa da hannu saboda ya kasa tuna inda ya ajiye mukulli. Yanzu fushin ya lafa, sai mantuwa. Haske yana sa masa ciwon kai, labulen gidan Mama kullum a sake. Rannan na sami takalminsa a cikin firji. Likitan da ke garin Jackson ya ce ƙwaƙwalwar ta sha girgiza shekara da shekaru, abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma yana kan hanya. Mutumin da bai cika hamsin ba, Thurman.

Har yanzu yana gane ni, kuma yana kiran sunanka. Likita bai yi mini alkawarin hakan zai kai baɗi ba. Ka zo Ranar Godiya, bikin cin talotalo na ƙarshen Nuwamba. Na san rabonka da teburin nan an fi shekara talatin, na kuma san dalili. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ka gaishe mini da Loretta, ka ce ta rage maka gishiri.

Yayarka,
Ozella

Belzoni, farkon Nuwamba

Thurman,

Ina gaishe ka, da fatan kowa lafiya. Katinka ya iso. Na juya shi gaba da baya ina neman sauran, ashe layin nan ɗaya ne: "Shi aka ba cinyar, sai ya ci abarsa." Ka kyauta. Taurin kan Baba dai kai ka gaje shi kaf, ba ka bar wa kowa ba.

Tunda ka taɓo maganar, bari in faɗa maka yadda na gan ta daga tagar kicin. Baba ne ya ƙirƙiro al'adar nan ta banza: duk Ranar Godiya da safe ya tsayar da ku a tsakar gida, ya ja layi da ƙafa, ya busa usur ku yi karo, wanda ya tura ɗan'uwansa baya shi ke da cinyar talotalo ta dama, ta hagu kuwa ta Baba ce. Duk shekara kai kake ci. A waccan shekarar kana ajin ƙarshe na sakandare, jami'o'i suna ta aiko mutane su kalle ka. Na ga Baba ya ja Cleotis gefe ya raɗa masa magana, daga baya Mama ta gaya mini abin da ya ce: "Ba za ka iya shi ta sama ba, yaro. Sunkuyar da kai ka shige shi ta ƙasa." Yaro ɗan shekara goma sha biyar, ubansa ya ba shi umarni. Na ji ƙarar gwiwarka ina riƙe da tiren burodin masara.

Kana asibiti Baba ya dawo ya zauna ya yi addu'a, ya yanke cinyar ya sa a farantin Cleotis. Wannan ka sani, kuma a kansa ka gina shekara talatin. Abin da ba ka tsaya ka ji ba shi ne bai ci ba. Ya zauna yana kallonta har maiƙon ya daskare. Tun daga ranar ban sake ganin ya kai cinyar talotalo baki ba, ko a shekarun da yake kan ganiyarsa ana nuna shi a talabijin. In an miƙa masa sai ya ce ƙirji ya fi so. Mama ta sha gaya maka, kai kuma ka sha kashe waya. Baba ya yi kuskure, ya tafi bai nemi gafarar kowa ba, ina jin haushinsa har yau ko da nake kai fure kabarinsa.

An nuna shirin ranar Lahadi da yamma. Muka taru a shagon Mista Purvis, mata suka kawo soyayyar tarwaɗa. Stubbs ne na ɗaya, Thibodeaux na biyu, Cleotis na uku. Mista Purvis ya ce an yi maguɗi, Dattijo Mabry ya ce gaskiya ce ta yi halinta, saura kaɗan a raba su. Aka riƙa nuna karon Cleotis ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye yana shiga ƙirjin mutane. Mai sharhi yana dariya, wai a yau da alƙalin wasa ya jefa masa ƙyalle rawaya ya kore shi daga fili. Mutane suna ihu suna dukan kafaɗarsa.

Shi kuwa ya matse ido yana kallo, can ya taɓo ni ya ce, "Yaya, yaron nan zai illata kansa. Wa ya koya masa shiga da kai haka?" Mista Purvis ya daure ya ce, "Guduma, kai ne fa. Na uku a duk ƙasar nan!" Cleotis ya girgiza kai ya ce, "Ku dai ba ku ga Yaya Thurman ba. Shi da kafaɗa yake yi, idonsa a buɗe, mutum ya tashi bai san garinsu ba. Duk waɗannan yara ne."

Na shiga bayan shago na yi kukana. Da na fito na tarar Dattijo Mabry yana cewa ai ya tuna wasanka da 'yan garin Yazoo, kuma yaron ya faɗi gaskiya.

Zan ajiye maka kujera. In ka ga dama ka bar ta haka.

Ozella

Belzoni, ƙarshen Nuwamba

Ƙanena,

Ina fatan kun yi biki lafiya. Na gode wa Loretta da ta kira, ta ce gwiwar ce ta tashi. Na karɓi uzurin don ita, ban ce na yarda ba.

Mu biyu muka zauna, da kujerarka. Na yi komai yadda Mama take yi, har da ganye da wainar dankali mai zaƙi. Ina juyawa in ɗauko romo, ban ankara ba ya ɗauki wuƙa ya yanke cinyar dama. Na zata ya manta ne zai ci. Sai na ga ya yagi takardar naɗe gasasshen nama ya naɗe ta a hankali, ya miƙe ya ɗauki hularsa. Ya ce, "Mama, tashi mu kai wa Yaya asibiti tun da zafinta. Ba tawa ba ce, ta ƙasa na shige shi."

Mama ya ce mini, Thurman. Ranar ce farko.

Na ce masa lokacin ziyara ya wuce. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙunshin, ƙaton mutum ya cika ƙofar, yana tambayata ko likita ya ce ƙafar za ta warke. Da ƙyar na lallashe shi muka sa ta a wajen ƙanƙara na firji. Tun daga ranar kullum sai ya buɗe ya duba tana nan, kullum kuma sai ya yi mini tambayar nan. Abinci ma ya fara gagararsa, wandunansa sun yi masa yawa.

Na daina yi maka faɗa, ƙarfina ya ƙare. Ina jin tsoro ne kawai. Duk duniya ya manta ta, an bar shi tsaye a tsakar gidan nan a safiya guda, kuma ba ni ce zan iya fito da shi ba.

Yayarka mai ƙaunarka,
Ozella

Belzoni, Janairu

Ƙanena Thurman,

Gaisuwa mai tarin yawa. Loretta ta ce ka isa lafiya, na gode wa Allah. Ka shafa man nan da na sa maka a jaka, kada ka ba ni labarin ka manta.

Ka tafi ba mu yi magana ba, kai ba ka iya ba, ni ma na kasa. Na san abin da ya yi maka ciwo. Ka yi doguwar tafiya cikin sanyi da ƙafar nan, ka shigo gidan da aka haife ka, ƙaninka ya miƙe ya ba ka hannu ya ce, "Sannu da zuwa, Yallaɓai." Na ga fuskarka. Da ka zo a Nuwamba wataƙila da ya gane ka. Ba zan ɓoye maka wannan ba, kuma ba zan sake faɗa ba.

Kana zaton ina wanke-wanke lokacin da kuka zauna a baranda. Ina bayan ƙofa, ka san halina. Na ji da ka ce daga Milwaukee kake, ya ce ko ka san yayansa Thurman Tolliver, wanda ya fi su Stubbs zafin karo. Na ji ka ce ka san shi. Ya tambaye ka ƙafar. Sandarka tana jingine a jikin kujera ina kallonta, ka ce, "Ta warke sarai. Gudu ma yake yi." Ya ce, "Yana fushi da ni?" Ka ce, "Cewa ya yi in gaya maka karon ya yi kyau, kuma cinyar taka ce."

Ƙarya ka yi a gidan Mama, ranar Lahadi. Ba zan gaya wa Fasto ba.

Ga abin da ba ka gani ba. Motarka tana shan kwana ya shigo kicin ya buɗe wajen ƙanƙara, ya ciro ƙunshin ya ce in ɗumama masa. Ta daɗe, ta bushe, na san ba sauran daɗi a cikinta. Ya zauna a kujerarka ya riƙe ta da hannu biyu ya cinye tas, har guringuntsi. Da ya gama ya goge baki ya ce, "Mama, wannan baƙon mutumin kirki ne. Ya ce Yaya ya warke."

Tun daga ranar bai ƙara tambayata asibiti ba. Bai kuma ƙara kiran sunanka ba, Thurman, ko sau ɗaya. Na gwada shi jiya, na ce Thurman yana gaishe ka, ya yi mini murmushin nan da yake yi wa kowa. Ashe tambayar ce ta riƙe masa sunan.

Gardama tana nan a shagon Mista Purvis, yanzu har da kai a ciki, Dattijo Mabry ya sa ka gaba da Thibodeaux. Ni na ce su raba ni da ita. Mutum biyu na sani da suka fi kowa zafin karo, ɗaya yana tafiya da sanda, ɗaya ina ɗaura masa igiyar takalmi.

Ka dawo lokacin Ista in ƙafar ta bari. Ba zai san ka ba, amma yana son baƙon nan.

Yayarka har kullum,
Ozella