Ɗauke dutsen, Rahama

Zuwa ga Rahama, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan farko da ke sauka a kan gonar gero. Gaisuwa daga zuciyar da ta bar Filinge ta bi ki Sanam, ta ƙi dawowa.

Tun da aikin rigakafin dabbobi ya raba mu, aka ajiye ki can ke kaɗai, aka bar ni nan biro, wato ofishinmu na Filinge, abin da ya rage mini naki shi ne ɗigon nan da ke gefen sunanki a dandalin saƙonnin aiki. Ba mu rubuta soyayya a wurin, don shef, shugabanmu na aiki, yana gani daga Yamai. Amma wa ya iya karanta ɗigonki kamar ni? In ya yi kore, na san kin zauna gaban ordinatar, kwamfutar aikinki. In ya yi ja, makiyaya sun cika miki ɗaki. In ya koma ruwan ɗorawa da azahar, na san kin tashi alwala, sai ni ma in tashi, mu yi salla tare ko da tafiya mai nisa na tsakaninmu.

Yanzu fa kwanaki ke nan yana kore shar, bai ko ƙifta ba. Da farko murna na yi, ni wawa! Ina duba shi ina murmushi, har abokan aiki suka fara tambayata ko an ƙara mini girma. Sai na lura azahar ta wuce yana kore, la'asar ta wuce yana kore. Ranar Juma'a aka rufe biro, na duba a wayata, yana nan yadda yake. Rahamar da na sani ba ta barin salla don na'ura. Na aika miki “ina kwana”, shiru. Na buga waya, rezon Sanam, wato layin waya, ya ɗauke, intanet ɗin biro kaɗai ke aiki can, kuma ba wanda ya san ranar gyara.

A nan ne na tuna dutsen.

Kin tuna yammacin da muka hau tudun bayan gari, ana kawo shanu daga kiwo, kika tsinci ɗan farin dutse mai santsi? Kika ce da shi za ki riƙa danne maɓallin ordinatar in za ki fita daji, yadda duk ma'aikatan karkara ke yi, don shef ba ya yarda mutum na aiki sai ya gan shi kore. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce shef ya samu ma'aikacin da ba ya gajiya. Ashe ni dutsen zai ruɗa! Ni Bilal, da girmana, kwana da kwanaki ina yi wa dutse murmushi.

To, ina hannun da ya ɗora shi? Kin fita rugage ne aiki ya riƙe ki? Ko hanyar nan ce mai 'yan bindiga, wadda kowa ke ambata da ƙaramar murya? Ba na iya ƙarasa wannan tunanin, Rahama. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba. Tuwo ya daina shiga. Inna ta ce zazzaɓi ne, na bar ta a haka. Shef kuwa jiya ya yabe ki a taro, wai ke ce ba ki taɓa barin kujera. Na so in buɗe baki, na tuna asirinki ne, na haɗiye. Amma in Litinin ta yi yana kore, zan faɗa masa a tura a neme ki, ko da aikinki zai tafi, ko da ba za ki yafe mini ba.

Na ba Manzo direba wannan takarda, zai shigo da motar kasuwa. In ta same ki, ba amsa nake roƙo ba. In fushi kike da ni, sa ja, zan karɓa da hannu biyu, don mai fushi yana da rai. Ki dai ɗauke dutsen. Ki tashi ki yi alwala, ki bar ɗigon nan ya dushe. Ban taɓa zaton zan roƙi Allah in ga kin bar wurin zamanki ba, sai yau.

Naki ne ni, ko ɗigon ya yi wane launi, har ranar da nawa zai mutu.

Bilal