Kujerar Baba a Mota

Rumaisa'u,

Na iso daga Yamai kina barci, ga shi zan fita ba ki tashi ba.

Motar Baba ta gyaru. A garejin kamfanin motar sun ce katalizar ce ta toshe, tukunyar nan mai tace hayaƙi a salansa, shi ya sa take shan mai haka. Sun sa sabuwa. Daga Yamai har gida Dutsi ban tsaya neman mai ba, kamar zamanin da Baba ke kai mu Gecheme da salla.

Sai dai sun yi abin da ban sa su ba. Sun wanke cikinta tas, sun fesa turaren lemo, ƙanshin Baba ya fita. Kin san Inna, tun rasuwarsa kullum bayan la'asar sai ta shiga ta zauna.

Don Allah kada ki ba ta makulli sai na dawo. Na tafi wajen Sabo mai turare, shi ya san wanda Baba ke saye.

Kujerarsa ma sun tura ta gaba. Na mayar da ita, amma na kasa tuna daidai inda take. Ki duba, ke ce mai zama bayansa.

Rabilu